Kwamfutar da Umma Ta Lulluɓe

Umma ba ta yarda a bar komai tsirara a gidanta. Talabijin yana da mayafinsa, injin markaɗe yana da hularsa, firji kuwa wani farin leshi mai geza ne a kansa kamar mai shirin zuwa biki. Idan ka zauna a falonmu minti goma ba ka motsa ba, wallahi sai dai ka ji an yafa maka zani. Da wannan hali ta taso daga Kano, ta hau jirgi da shi, ta sauke shi can ƙasar waje, a hawa na tara na wani bene a unguwar Taman Melati, inda muke zaune tun ina firamare.

Kwamfutar kuwa ta Yaya ce. Tsohuwa ce, baƙar akwati irin ta ƙarƙashin tebur, na tabbata ta girme ni. Da ya gama jami'a zai koma gida bautar ƙasa, sai ya kira ni ɗakinsa.

"Auta, zo nan. Kin ga wannan? Kada ki bari a kashe ta."

"Me take yi? Ni dai kullum nishi nake ji tana yi kamar ta ƙoshi da tuwo."

Ya ɗan ja min kunne, sannan ya yi bayani. Ya ce akwai masu bincike da lissafi ya yi musu yawa, sai suka yayyanka shi ƙanana suna raba wa duk wanda ya yarda ya ara musu kwamfutarsa kyauta. Manhajar da ya sa wa tamu takan karɓo yanki ɗaya ta intanet, ta lissafa, ta mayar, ta karɓo wani. Binciken da ya zaɓa a kan cututtukan ƙwaƙwalwa ne, har da irin wadda take sa hannun Abba rawa.

Abba ya kai shekara biyu bai zuba shayi da kansa ba. Rabin kofi Umma take zuba masa don kada ya zube, kuma a gidanmu babu mai maganar.

"To ita za ta samo maganin?"

"A'a. Ɗan abin da take yi ko a ido ba za a gani ba. Amma ni abin da zan iya ke nan. Amana na ba ki."

Bayan tafiyarsa da mako guda, Umma ta mayar da ɗakinsa ma'ajiyar robobin abinci, domin ita ce take dafa wa ɗaliban Najeriya na unguwarmu tuwo da dafa-duka suna zuwa tapau, wato su saya a ƙunshe su tafi da shi. Aka fito da kwamfuta falo. Umma ta tsaya a kanta, ta riƙe ƙugu, ta dube ta sama da ƙasa, ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙyallen karammiski mai kaurin bargo. Ta lulluɓe ta ruf, har tana soke gefe da gefe kamar mai kwantar da jariri.

Kafin la'asar fankar cikinta ta fara ihu. Ni a ganina jirgin ƙasa na LRT ne ya ɓata hanya ya biyo ta falonmu.

"Wannan baiwar Allah me ke damunta?" in ji Umma.

Na buɗe ɗan allon da ke nuna aikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Layi ya hau can ƙololuwa ya miƙe. Da yake ni ban taɓa cin wannan maki a makaranta ba, sai na faɗa da alfahari: "Umma, ɗari bisa ɗari take aiki!"

Da na sani da na haɗiye harshena.

"Ɗari bisa ɗari? Ba hutu? A gidana?" Umma mace ce da ko mai kawo gas sai ta zaunar da shi ya sha ruwa. Injin wankinmu ma ba ya aiki ran Juma'a. "Yayanki ba shi da tausayi. Ga shi ta hana Abbanku barcin rana."

Don ƙarar ta ragu, ta ƙara mata zani na biyu. Washegari na dawo daga makaranta, ruwan sama ya jiƙa ni sharkaf, na tarar da falo tsit. Na ɗaga mayafan. Jikin akwatin da ka fasa ƙwai a kai da ya soyu.

"Suma ta yi," Umma ta ce daga kicin. "Na gaya miki. Ran Juma'a za ta koma ma'ajiya ta huta. Ba za a kashe baiwar Allah a hannuna ba."

Ranar Laraba ce. Kwana biyu suka rage wa amanar Yaya, ni kuma ban taɓa riƙe amanar da ta wuce ta ragowar alawa ba, ita ma na cinye.

Na kira shi ta bidiyo. Can safiya ce, yana ɗaura takalmi. Da na nuna masa karammiskin sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

"Yaya, ba abin dariya ba ne lah! Ta mutu!" Wannan "lah" ɗin ta mutanen garin nan ce, ta kama min baki.

"Ba ta mutu ba. Zafi ya yi mata yawa ta kashe kanta don kada ta ƙone. Kin ga ramukan nan na gefe da na baya? Ta nan take numfashi. Cire zanin, ki bari ta huce, ki kunna."

Ta tashi. Layin ya sake hayewa ƙololuwa.

"Ga shi nan ta koma ɗari!"

"Ai haka aka tsara ta. Ɗari ba ciwo ba ne. Duk lokacin da furosesa zai zauna ba aiki, shi manhajar take kwashewa. Yanzu kunna wasan nan naki da kike zaton ban sani ba."

Na rantse masa ban san wani wasa ba, sannan na kunna shi. Ina kallo kason manhajar ya sauka, wasana ya karɓi nasa, bai ko yi tuntuɓe ba. Na rufe wasan, ta koma ta cike gurbin. Ashe ita ce ta ƙarshe a layi, kowa ya zo sai ta matsa masa. Ya nuna min cewa furosesan kai huɗu gare shi, kuma a wurin saiti ana iya faɗa mata nawa za ta taɓa.

"Saura ki fahimtar da Umma."

"Ni? Kai dai ka..."

Sai intanet ɗinsa ya yanke. Har yau ina zarginsa.

Ran Alhamis na same ta a kicin tana tuƙa tuwo. Na kwana ina shirya jawabi, amma da na buɗe baki sai ya gudu ya bar ni. Idona ya faɗa kan gas ɗinta.

"Umma, kwamfutar nan kamar gas ɗinki ce. Kai huɗu gare ta. Yaya ya kunna huɗun duka, ke kuma kika rufe tagar kicin."

Ta dube ni ta gefen ido. "Kin taɓa ganin na kunna huɗun duka?"

Na duba. Tuwo, miya, shinkafa. Ƙaramin kan na baya ba komai a kansa. Na tuna ko ranar da ɗalibai suka yi mana layi har bakin lif, haka yake zama.

"Na shayin Abbanku ne," ta ce. "In ya nema, ba zai jira tuwon kowa ya nuna ba."

"Ai ita da kanta take matsawa in an nemi wuri."

"Ban san wannan ba. Wai ma aikin me take yi da ba zai jira ba?"

Sai a lokacin na gane Yaya bai gaya mata ba. Na rage murya na faɗa mata, yadda ya faɗa min, har da cewa ba ita za ta samo maganin ba. Umma ta ci gaba da tuƙi, ta daɗe tana tuƙa tuwon da ya riga ya tuƙu. Can ta goge ido da bakin mayafi ta ce tururi ne.

"Uku," ta ce. "A bar mata ɗaya ya huta."

Na saita ta kan kashi saba'in da biyar. Umma da kanta ta kawo ɗan buroshi muka share ƙurar ramukan, ta ɗora akwatin a kan ƙarfen da take ajiye tukunya mai zafi don iska ta ratsa ta ƙasa. Ihun ya koma ɗan gurnani irin na kyanwa. Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya ambaci ma'ajiya.

Tsirara kam ba ta zauna ba. Umma ta yanki karammiskin ta ɗinka mata 'yar hula da ta tsaya a sama kawai, ba ta taɓa rami ko ɗaya ba. Na tura wa Yaya hoto, ya ce ta fi shi kyau.

Yanzu bayan la'asar Abba yakan jawo kujerarsa kusa da ita. Ya gano iska mai ɗumi tana fitowa ta baya, sai ya ajiye hannunsa a wurin, yana rawarsa a hankali. Ban san ko Umma ta gaya masa ba, ban kuma tambaya ba.

"Auta, nawa take yi yau?"

"Saba'in da biyar, Abba."

"Sauran ashirin da biyar ɗin fa? Ko ke kika cinye?"

"Na shayinka ne."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar kicin, ya yi dariya. Daga ciki na ji Umma ta kunna ƙaramin kan na baya.