Kofunan Mama a Buhun Masara

Daga Samaru har Sabon Gari, in dai ana maganar ɗaure kaya, ban ga na biyuna ba. Ni ne na taɓa aika kiret ɗin ƙwai Legas ya isa ba wanda ya tsage, har direban ya rantse biyu sun ƙyanƙyashe a hanya. Na ba da labarin nan a majalisa ya fi sau ɗari, kuma kullum ƙwan ƙaruwa yake yi.

Shi ya sa da surukata Mama ta aiko a kai mata kofunanta, ban bari matata ta rufe baki ba na ce a bar mini. Kofunan tangaran ne guda shida da butar shayinsu, farare masu ruwan gwal a baki. Abokan aikin marigayi surukina suka ba shi ranar da ya bar koyarwa. Lokacin da ya yi jinya a gidanmu Mama ta zo da su, bayan rasuwa ta koma ƙauyensu a kudancin Kaduna ta bar su a kabad ɗinmu. To ga Kirsimeti ya matso, tana so ta ba baƙi shayi a ciki kamar yadda mai gidanta ya saba.

Matata ta ce, “Baban yara, ka bari in na tashi tafiya in riƙe su a cinya mana.”

Na ce, “Ke da ba za ki samu hutu ba sai sabuwar shekara? Ki zuba ido kawai.”

Na shiga kasuwar Sabon Gari, na biya ta wajen wani abokina mai sai da kwanuka. Da ya ji abin da ke tafe da ni ya jawo kwali mai kauri da ledar nan mai ƙuraje da yara ke fasawa. Ya ce, “Oga, naɗe kowane kofi daban, cusa jarida, rubuta a jiki da babban baƙi.”

Na yi dariya har da buga teburinsa. Na ce kwali ai tallar kansa yake yi, kowa ya gan shi sai ya so leƙawa. Kakanninmu da suke kai ƙwan zabi kasuwa, a cikin hatsi suke binne shi. Na wuce na sayi sabon buhu da masara.

A tsakar gida na yi aikin. Na zuba masara, na kifa kofi biyu, na ƙara masara, na kifa biyu, na sake ƙarawa, na kifa sauran biyun, buta a tsakiya kamar amarya cikin ƙawaye. Ko takarda ban sa ba. Na ɗinke baki da basilla, na ɗan shuri buhun don matata ta gani. Shiru, ko ƙas.

Washegari a tasha direba ya tambaye ni, “Yallaɓai, mene ne a ciki?”

Na ce, “Masara.”

Har yau in an tambaye ni dalili, sai in ce don kada a yi mini bincike. Gaskiyar ita ce so nake kayan su isa ba tare da an lallaɓa su ba, in samu abin faɗa a majalisa. Direba kuwa ya ɗauke ni a maganata. Ina tsaye ya jefa buhun can ƙasan but ɗin mota, ya ɗora injin ban ruwa a kai, ya hau da gwiwa yana danna murfi. Na buɗe baki, na tuna na riga na ce masara, na mayar na rufe.

Sauran daga baya na ji. A mahaɗar ƙauyen daga tsaye aka cillo buhun ƙasa. Mai babur ya ɗaure shi da roba, wani fasinja ya hau kai, suka bi hanyar da ko jaki sai ya yi tunani. Tangaran kuwa ashe ba ya zama inda ka ajiye shi cikin hatsi. Da girgiza duk suka gangaro wuri ɗaya suka haɗu.

Da la’asar wayar matata ta yi ƙara. Ta saurara, ta kalle ni, ta miƙo mini.

Na durƙusa a tsakar gida kamar tana ganina. “Mama, barka da yamma. Kaya sun iso?”

“Sun iso, ɗana. Tun azahar nake zaune da faifai ina tsince.”

“Duka, Mama?”

“Murfin buta ya tsira. Da kofi ɗaya, ba hannu.”

Na fara kame-kame, ina zagin direbobin zamani da hanyar da gwamnati ta ƙi gyarawa. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, “A’a, kada ka damu kanka, ai ka yi ƙoƙari. Masarar dai ta iso lafiya, ko ƙwaya ɗaya ba ta fashe ba.”