Rufin da Babu Ƙusa a Ƙasar Sin

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, wadda ma'aikatan Challawa da yawa suka koma zuwa aiki a keke, ita ce shekarar da masana'antar robobin da nake wa aiki a Sharada ta tura mu ƙasar Sin mu koyo haɗa wani sabon inji. Mu biyu ne, ni da Injiniya Bitrus, mutumin Kudancin Kaduna, abokin aikina na shekara goma sha ɗaya.

Kafin labarin hanya, bari na faɗi abin da na baro a gida. A unguwarmu ta bayan Panshekara akwai tsohon masallacin ƙasa mai rufin azara da bakan gizo biyu, wato lanƙwasassun ginin da ke ɗauke da rufin. An yi zama a kan a rushe shi a yi na bulo da kwano, kuma na fi kowa ɗaga murya a kan a rushe. Malam Garba magini, mai kula da shi, shi ya koya mini gini shekara shida ina saurayi, kafin na tsere masana'anta. A gaban jama'a na ce masa ginin da sai an yi masa yaɓe kowace shekara wahala ce kawai. Tun daga ranar, in na gaishe shi da ka yake amsawa. An sa Juma'ar da ke bin dawowata a yanke magana.

Talata: Panshekara zuwa Addis Ababa

Na fita gida ana idar da sallar asuba, na tari a-daidaita-sahu zuwa Sharada, inda muka karɓi takardunmu. Ƙarfe goma direban masana'anta ya kai mu filin jirgi. Wajen bincike wani jami'i ya zaro littafina na ajami, ya jujjuya shi, ya tambaya ko laya ce. Na ce lissafin sassan inji ne. Bitrus ya ce masa ya bar shi kawai, ko manajanmu ya gaji da neman wanda zai karanta masa. Bayan azahar muka tashi, tafiyar kusan awa biyar, muka sauka Addis Ababa cikin sanyi, muka canja jirgi.

Laraba: Guanzu

Awa goma da ɗoriya muka yi a sama. A Guanzu tafintan kamfanin injin, wani mai fara'a da ake kira Mista Lin, ya tarbe mu ya kai mu shagon wani Musulmin ƙasar, muka ci taliya da naman sa. Na yi ta fama da tsinken cin abincinsu har mai shagon ya tausaya ya kawo cokali.

A nan na yi abin kunya. Na shimfiɗa darduma a bayan shago na fuskanci gabas kamar yadda na saba tun haihuwata. Mai shagon ya zo a hankali ya kama kafaɗuna ya juya ni yamma. Ashe mun baro Makka a bayanmu. Na sake sallar, Bitrus kuwa ya samu abin tsokana na sati guda.

Alhamis zuwa Asabar: garin injin

Jirgin ƙasa mai gudu ya kai mu garin masana'antar cikin awa biyu da kwata. Sunan garin ya gagari harshena, ko a ajami sau uku na goge shi. Kwana uku muna kwance inji muna ɗaurawa. Masauki mai tsabta, shayi ba sukari.

Lahadi: gidan bautar Buda

Ranar hutu Mista Lin ya ce zai kai mu wani tsohon gidan bautar mabiya Buda a kan dutse, kilomita arba'in daga gari. Na ce ni ba na shiga inda ake rusuna wa mutum-mutumi. Ya ce ba komai, tsakar gidan ma ya ishi mai kallo. Bitrus ya ce in zo kawai, shi zai tsare mini alƙibla.

Mun isa ƙarfe tara da rabi, muka hau matattakala har gwiwata ta yi ƙara. Masu ibada suna kunna turarensu a natse. Na tsaya daga waje na ɗaga kai, kuma daga nan ban ƙara sauke shi ba.

Ginshiƙan itace ne, jajaye, kowanne ya fi ƙarfin rungumar mutum. Ba a binne su ba, a kan dutse kowanne yake zaune, don kada damshi ya ci gindinsa. A kan ginshiƙi an ɗora guntun katako, a kansa wani da ya ɗan fi shi tsawo, a kan wannan wani, suna miƙewa waje hawa-hawa har su tallafi rufin da ya zarce bango da kamu da yawa. Na nemi kan ƙusa ko ɗaya ban gani ba. Kowane katako an fafe shi ya shige cikin ɗan'uwansa. Abin da ya tsayar da ni shi ne na san wannan dabarar. Haka Malam Garba ke jera azara, kowace ta ɗan wuce ta ƙasanta, a ɗaure da igiya, har bakan gizo ya haɗu a sama.

A gefen ginin an kafa katakan hawa. Wani tsohon masassaƙi yana zaune da ɗan akwatin tawada mai zare, yana ja yana ɗanawa, layi ya fito a kan katako. Ƙamshin tawadar ya yi kama da ta allo. Ta bakin Mista Lin na tambaye shi ko itatuwan nan na asali ne, tun da an ce ginin ya yi ɗaruruwan shekaru. Ya yi dariya ya nuna mini wani guntu da ruwa ya cinye. Ya ce kullum cikin gyara suke. Sukan sauke sashe ɗaya, su rubuta wa kowane guntu alamarsa, su fitar da ruɓaɓɓen kaɗai, su sassaƙa irinsa, su mayar. Ya ce shi ya koya wurin malaminsa, shi ma wurin nasa, kuma da an sami tsara ɗaya da ta ƙi hawa sama, da yanzu ciyawa ce a wurin.

Sai ya tambayi da me muke gini a ƙasarmu. Na buɗe littafina na zana masa bakan gizo, na nuna inda azara ke hawa, na ce itacen giginya ne, gara ba ta cinta. Ya sa tabarau, ya daɗe yana bin zanen da yatsa. Ya tambayi ko mai yin wannan yana raye. Na ce yana nan.

"Mutum nawa ya koyar?" in ji shi.

Mista Lin ya juyo yana jiran amsa. Bitrus, wanda ya san labarin duka, ya shiga kallon takalminsa.

"Ɗaya," na ce.

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce a gaya wa ɗayan nan ya riƙe da kyau. Ban gyara masa ba. A mota ba wanda ya tsokani wani.

Komawa gida

Kwana huɗu bayan haka muka kamo hanya ta Addis Ababa, muka sauka Kano ranar Alhamis da azahar. Na ajiye jaka, na yi la'asar, na nufi gidan Malam Garba. Na same shi a ƙofar gida yana murza igiya. Na durƙusa na ce na zo neman gafara a kan maganar da na faɗa masa a gaban mutane, kuma gobe a wurin da na faɗe ta zan janye ta. Na soma ba shi labarin rufin ƙasar Sin, ya ɗaga mini hannu.

"Sai da ka je bangon duniya wani ya faɗa maka?"

Na ce haka Allah ya so.

Ya ci gaba da murza igiyarsa. Can ya ce ya yafe, amma kada in ɗauka janye magana zai tsayar da rufi. Azara uku a bakan gabas sun ruɓe, shi kuma ƙafarsa ta daina hawa tsani shekara biyu ke nan, bai faɗa wa kowa ba don kada a samu hujjar rushe masallacin.

Ranar Juma'a na tashi na janye maganata. An yi ta muhawara, daga ƙarshe aka ba mu rani ɗaya a ga abin da za mu iya. Asabar da sassafe na hau tsani, Malam Garba yana ƙasa a kan kujera yana faɗa mini cewa hannuna ya lalace da inji. Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya kuma sa na tarar da malamina da rai.