Shafi Ɗaya, Kwafi Arba'in da Biyu

A wani shagon buga takardu kusa da Ƙofar Durbi na gan shi. Dogo ne siriri, hularsa ta koɗe, aljihun rigarsa duk tabon jan biro. A wuyansa akwai igiyar katin wani taro, rubutun jikinta na wata ƙasa ne.

Kundin ɗalibai uku ne a gabansa, duk ya buɗe su a shafi ɗaya. Yatsansa na bin layi, leɓensa na motsi kamar mai tilawa.

"Malam Badamasi," ya ce ma mai shagon, "wannan shafin da ke nuna an gwada manhajar kwamfuta ba a sami kuskure ba, kwafi nawa ka buga?"

"Arba'in da biyu, Dakta. Duk wanda ya zo shi yake nema. Yana nan ajiye a kwamfuta."

Dakta bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau, ya daɗe yana murza ido.

Ina jin malamin jami'a ne da ya je ƙasar waje ya koyo yadda ake tsananta wa manhaja bincike kafin a sakar wa jama'a, ya dawo yana koyarwa. Na leƙa bangon kundin sama. Manhajar auna wa jarirai magani ce a asibiti.

Ya ciro biro, ya tsallake sunan ɗalibin, ya gangara inda malamin da ya duba aikin ya sa hannu. Nan ya zagaye da ja har takardar ta huje.

"Dakta, ai sunanka ne," in ji Malam Badamasi.

"Na sani."