Wanda Na Ba Makullin Guntuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha tara ga watan Agusta, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Direba, a ɗakinsa, a kan gadonsa, matarsa na riƙe da hannunsa. Ina shago ana sauke kaya aka kira ni. Na ajiye wayar na ci gaba da kallon kwalaye kamar ban ji ba, daga baya na zauna a kan buhun siminti.

Kafin in ce komai a kansa, bari in faɗi ko ni wane ne, don a san nauyin maganar. Ban gaji ko allura ba. Sakandare da ƙyar na gama ta, ban kuma ƙara shiga aji ba. Da kwaɓa siminti na fara, shimfiɗa tayil kuwa da kallo na koye shi, gwiwoyina har yau suna ba da shaida. Na buɗe shago ba da jarin kowa ba. Na gina gida, babu wanda ya ba ni bulo guda. Na sa 'ya'yana a makarantun da ni ko ƙofarsu ban taka ba. Ba kawu, ba ubangida, sai Allah. Mutum irina ba ya yabon wani don a ce ya yaba.

Dalili biyu suka sa na ɗauki alƙalami. Na farko ta'aziyya. Na biyu, tun da aka binne Baba wata magana ke yawo a gidansa, wai fitar da ya yi ana saura 'yan kwanaki ya rasu ita ta ƙarasa shi, kuma wai Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ce mai laifi tun da ita ta buɗe ƙofa. Babban yayanta har yau bai yi mata magana ba. Na je in yi masa bayani, ya ce ba yanzu ba. To ni ke da cikakken labarin wannan fita, kuma zan faɗe shi inda kowa zai karanta.

Lokacin da Allah Ya hore mini sayen mota, kowa ya zaci ƙatuwa zan shigo da ita. Sai na sayo 'yar ƙarama, ja, mai ƙasa-ƙasa, bayanta kamar an sare da adda, ƙofar bayan tana ɗagawa sama har da gilashinta, kuma dizal take sha. Abokan kasuwa suka yi ta dariya. Mai fenti na kusa da ni ya ce, “Mai Tayil, sauran rabin motar fa, sai yaushe za a kawo?” Daga ranar sunanta ya zama Guntuwa. Ban damu ba, ni na san abin da ke ƙarƙashin murfinta. Doka ɗaya na kafa: babu mai taɓa makullinta. Ba matata ba, ba ɗana ba. Ko gareji muka je, ni ke hawar da ita kan rami, bakanike na tsaye yana kallo.

Baba, gidanka na kallon shagona, titi ne kawai tsakani. Na san ka a matsayin tsohon direban tirela da ya ajiye aiki, mai zama a benci da sandarsa, gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu. Ran nan na fito da sauri, na murɗa makulli na taka totur, sai ga ka ka tsallako titi.

“Mai Tayil, haka kake tashin mutanen gidanka daga barci?”

Na ce, “Baba, da kuɗina fa na saya.”

Ka ce, “Na sani. Kuɗin sun sayo ta, amma ba su gaya maka halinta ba.”

Ka leƙo ta taga ka nuna mini wata 'yar fitila mai kama da murɗaɗɗiyar waya. Ka ce in na murɗa makulli in dakata sai ta mutu kafin in tayar, domin injin dizal sai ya ɗan ji ɗumi yake son a yi masa magana. Ba na son a koya mini abu, kowa ya sani. Amma kai ba koyarwa ka yi ba, ƙarar motar ka kawo mini kamar wanda ya zo ceton marainiya. Na yi dariya, na bi.

Bayan wasu watanni Guntuwa ta yi nauyi, wata fitilar ta kama ta ƙi mutuwa. Har na fara zargin wanda ya sayar mini. Ka sa kunne a jikinta, ka ce ba ciwo take ba, zaman gida ne ya ishe ta. Daga gida zuwa shago, daga shago zuwa gida, ba ta taɓa yin zafi sosai ba, toka ta taru a maƙoshinta. Maganinta a kai ta doguwar hanya a sake mata mara, ta ƙone dattin da kanta. Asabar ta zo na ce ka raka ni ka saurara. Kafin mu juyo fitilar ta mutu. Daga nan safiyar Asabar ta zama tamu, shekara da shekaru.

Wanda bai tuƙa irinta ba ba zai gane ba. Ba ta ihu irin na masu shan fetur. Daga ƙirji take ja. Kana giya ta huɗu ka ɗan taka ta, sai ka ji kujera ta dafa maka baya, motocin da suka ninka ta girma suna komawa cikin madubi. A kwana kuwa kamar an ɗinke ta da kwalta. Kai kana gefe, hula a gwiwa, ido a lumshe, in lokacin canjin giya ya yi sai ka buga yatsa a cinya. In na riga yatsan, ka ce na yi gaggawa. In na makara, ka ce, “Tana roƙonka, ba ka ji?” Ba ka taɓa hana ni gudu a fili ba, amma da mun doshi gidajen mutane za ka buɗe ido, ni kuma in ɗaga ƙafa.

Ba mu taɓa wuce mota a tsaye a gefen hanya ba. Ka ce ka taɓa yin kwana biyu a daji da lalatacciyar tirela ana wuce ka kamar kututture, tun daga nan ka ɗau wa kanka alkawari. Kai ka sa bayan Guntuwa bai rabu da jarkar ruwa da igiya ba. Na tuna wata mata da 'ya'yanta uku, motarsu ta yi zafi tana tururi, tana shirin kwance murfin lagireto da hannu. Daga nesa ka daka mata tsawa, ka sauka da sandarka, ka zauna da su har injin ya huce, kana ba yaran labarin wata saniya da ta taɓa hana tirelarka wucewa. Da matar ta buɗe jaka ka ce ta mayar, ta saya wa yara abin sha. A hanya na yi ta mita an cinye mana safiya. Ka ce, “Safiyar taka ce, Mai Tayil, ko aro aka ba ka?”

Abu na ƙarshe da ka koya mini shi ya fi zama a raina. Ka ce in an dawo daga gudu ba a kashe ta nan take, a bar ta a silo, injin na juyawa a hankali, har ta huce. Saboda haka duk Asabar mukan zauna a ƙofar gidanka cikin mota, ba mai sauka. A wannan ɗan zaman na gaya maka abubuwan da ban gaya wa kowa ba. Lokacin da ɗana ya ce ba zai gaji shago ba, na rantse zan kore shi, a nan ka ce in bar maganar ta kwana uku tukuna. Yau yana aikinsa, muna cin abinci tare. A nan kuma kai ma ka taɓa ce mini tsufa bai dame ka ba, abin da ke damunka shi ne an daina tambayarka komai.

Bara ciwon zuciya ya kama ka. Likita ya ce hutu. Babban ɗanka ya shigar da bencin cikin gida, ya sa a riƙa rufe ƙofa, ya hana fita. Ban ga laifinsa ba, na kuma kiyaye. Na ci gaba da fita ni kaɗai, in na wuce sai in ga labulen tagarka ya motsa.

Ranar Asabar ɗin da aka yi fitar da ake magana a kai, Auta ta shigo shago tana murza gefen mayafi. Ta ce, “Kawu, Baba ya ce in gaya maka wai fitilarsa ta kama. Ni ban gane ba.” Ni na gane. Na rufe shago na kawo Guntuwa ƙofar gidanka. Da Auta ta ga abin da nake nufi sai ta tare ƙofa.

“Kawu, don Allah. Yaya ya hana.”

Na ce, “Buɗe, ni na ce. In zai yi faɗa, ni zai yi wa.”

Tana hawaye ta buɗe, ta bi mu da magungunanka a leda, tana ta jaddada mini lokacin shan kowanne. Iyakar abin da Auta ta yi ke nan. Yarinyar da ta tashi tana ce mini Kawu, ta yaya za ta tsaya ja-in-ja da ni a gaban mahaifinta?

Na kai ka tsohon titin nan da aka daina bi tun da aka buɗe sabo, miƙaƙƙe, ba mota, ba gida. Duk shekarun nan ba ka taɓa cewa in ba ka tuƙi ba, ko da wasa. Ranar ma ba ka ce ba. Amma na lura yatsanka bai buga cinya ba, idonka na kan sitiyari. Na tsaya, na kashe, na zagayo na buɗe maka ƙofa, na sa makullin a tafin hannunka.

Ka dube shi, ka dube ni. “Ko matarka fa ba ka ba.”

Na ce, “Matata ba ta yi shekara talatin a kan titi ba.”

Ka zauna, ka jawo kujera gaba, ka gyara madubi, ka yi bismillah. Ka murɗa makulli, ka jira 'yar fitilar ta mutu. Hannuna na kusa da birkin hannu, amma ban taɓa shi ba. Hannun da a gida ba ya iya riƙe kofi ba tare da rawa ba, a kan giya ya tsaya cak. Ka fara a hankali kamar mai jan kaya, da muka hau miƙaƙƙen wurin ka sa ta huɗu, ka taka. Kujera ta dafa mana baya, sai na ji ka tuntsire da dariya irin wadda ban taɓa ji daga bakinka ba. Ka ce, “Ashe haka take daga wannan gefen!”

Da ka tsaya, na miƙa hannu zan kashe don mu canja wuri. Ka riƙe mini hannu, ka ce, “Bar ta tukuna.” Muka zauna, injin na juyawa a hankali, hannuwanka biyu a kan sitiyari. Mun daɗe a haka. Can ka ce, “Yau an ba ni aiki.”

Yanzu gare ka, babban ɗan Baba. Ƙauna ce ta sa ka rufe ƙofar nan, na shaida, ba wanda ya yi wa mahaifinsa hidimar da ka yi. Ni ba likita ba ne, ba zan rantse maka cewa fitar ba ta taɓa zuciyarsa ba. Ajali na hannun Allah, kuma Shi kaɗai Ya san abin da ya kawo shi. Abin da na sani, na ga fuskar mahaifinka a ranar, kuma da za a dawo da ita, abin da na yi shi zan sake yi. In akwai fushi, ga ni, shagona bai tashi daga inda yake ba. Amma ƙanwarka ta rasa uba, kada ta rasa yayanta ma a wata guda. Ka kira ta.

Baba, kujerar gefe tana nan yadda kake kwantar da ita, na hana a taɓa. Asabar ɗin da ta wuce na fita ni kaɗai, na tsaya wa wani mai babur da taya ta yi wa faci, da na dawo na tsinci kaina a ƙofar gidanka, mota a silo. Injin ya huce tuntuni, ni ne ban iya kashewa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi. Duk wanda ka tsaya wa a gefen hanya, Allah Ya sa ka tarar da ladansa yana jiranka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, abokiyar zamanka, da babban ɗanka, da Auta, da sauran 'ya'ya da jikoki, da tsofaffin direbobin da suka zo jana'iza suna dogara sanduna. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya haɗa kanku, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Tun da nake ban taɓa roƙon mutum komai ba, wannan ma ba roƙo ba ne. Duk ranar da za a ba jikokin Baba labarin wannan Asabar, a cire sunan Auta daga ciki. Ni na sa aka buɗe ƙofa, ni na ɗauke shi, ni na sa masa makulli a hannu. Mai Tayil ne, na tsallaken titi, mai Guntuwa. Sunana za a rubuta.