Shafin Gwaggo Hansai Da Ya Ƙi Buɗewa

Mastura haifaffiyar Agege ce, a wani lungu da ke bayan layin dogo, inda kwanukan cikin ɗaki ke kaɗawa duk lokacin da jirgi ya wuce. Tana goye mahaifiyarta ta rasu, sai yayar babanta, Gwaggo Hansai, ta ɗauke ta. Gwaggo ungozoma ce. Tun tana amarya aka kawo ta Legas daga wani ƙauye a ƙasar Kazaure, mijin ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, ba ta kuma koma gida ba. Rabin matasan unguwar ita ta yanke musu cibi, ita ta yi wa iyayensu wankan jego. Har Yarabawan maƙwabta kan aiko a kira ta, ta je tana yi musu faɗa da Yarabancinta mai karkacewa, suna dariya suna bin umarninta.

Mastura ta karanta ilimin tsirrai a jami'a, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida ta zauna. Zaman ya yi tsawo har ta daina fita sunan maƙwabta, don gudun masu tambayar ina aka kwana batun aiki. Ana nan ta ga sanarwar wani shiri a Yaba da ke koya wa matasa gina shafukan intanet. Ta nema ba da wani sa rai ba, aka ɗauke ta, aka ba ta aron kwamfuta. Ran da ta shigo da ita gida Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta kuma laƙaba mata suna Injiniya.

Makonnin farko sun ba ta wuya. Waɗanda ke zaune kusa da ita sun taɓa abin tun a gida, yatsunsu na gudu, ita kuwa alama ɗaya za ta manta komai ya watse. An gaya musu tun ranar farko cewa wanda ya gaza za a sallame shi, a karɓe kwamfutar. Don haka ta koyi zama a layin baya, ta karkatar da allon kwamfutarta, ba ta tambayar kowa komai. In malaminsu, Oga Kunle, ya ce akwai mai tambaya, sai ta sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a jaka.

Aikin farko da aka ba su shi ne kowa ya gina shafi guda a kan mutum guda. Mastura ba ta yi dogon tunani ba. Ta bi gida gida tana karɓar hotunan waɗanda Gwaggo ta karɓi haihuwarsu: ɗan okada, malamar asibiti, mai sayar da wayoyi a kasuwar Alaba, wani limami mai gemu da ya ce har yau in ya gan ta sai ya tsuguna. Kowa ta ɗauki muryarsa yana gaishe ta. Nufinta in an taɓa hoto, murya ta fito.

A daidai lokacin ne ƙafafun Gwaggo suka fara kumbura. Aka je asibiti aka dawo, sai ta ce gida za ta.

"Ƙasar Agege ta riƙe min miji," in ji ta. "Ba za ta haɗa da ni ba."

Shafi'i, ɗan wani ƙanin Gwaggo da ke zuwa cin rani yana dako a kasuwar Mile 12, yana shirin komawa gona saboda damina ta kusa. Aka yanke shi zai tafi da ita.

Ana gobe tafiya, da la'asar, Gwaggo na zaune kan tabarma tana ɗaure ƙunshin kayanta, ta dubi Mastura.

"Injiniya, kawo in ga abin nan da kika hana mutanen unguwa sakat a kansa."

Mastura ta buɗe ta leƙa. Hoton Gwaggo ya miƙe, kanta ya yi tsawo kamar gora, sunaye sun hau kan juna. Ta yi maza ta rufe.

"Gwaggo, bai yi kyau ba tukuna. Ki bari in gama, zan turo wa Yaya Shafi'i a waya."

"Ji min yarinya! Ni za ki ɓoye wa abin da bai yi kyau ba? Duk mutanen nan da kika ɗauko, cikin jini da majina na fara ganinsu. Ke kanki kamar ɓeran da ya faɗa randa kika zo."

Suka yi dariya har Gwaggo ta sarƙe da tari. Amma Mastura ba ta buɗe ba.

Bayan tafiyarsu ta duƙufa. Hoton ya daidaita, sunaye suka jeru, muryoyi suka fito. Ta kwafi adireshin da ke saman shafin ta tura wa Shafi'i cike da murna.

Ya aiko amsa cewa ya ƙi buɗewa.

Ta danna a kwamfutarta, ya buɗe tsaf. To, laifin sabis ɗin ƙauye ne, kowa ya san halinsa. Shi ma Shafi'i haka ya ce. Ya hau tudun bayan gari ya gwada, ya ƙi. Ran kasuwa ya kai wa mai cajin waya, wanda duk yankin ake ganin ya san kan abin, shi ma ya jujjuya ya ce sabis ne. Tsakanin haka Gwaggo kan aiko saƙon murya, numfashinta na fita da ƙyar, amma bakin nan na nan.

"Injiniya, an ce hotona ya maƙale a hanya. Ko 'yan shingen hanya ne suka tare shi? Ki ce musu tsohuwa ce, ba ta ɗauko komai ba."

Shafi'i ya ce, "Ƙanwata, ki ɗauki hoton abin da wayarki ki turo mana. Jikin nan fa sai a hankali."

Mastura ta ce a'a, hoto ba shi ne abin ba. So take Gwaggo ta sa yatsanta ta taɓa fuskar limamin nan ta ji ya ce mata Mama. Ta ce ya ƙara gwadawa gobe. Sau da yawa ta tashi za ta tambayi Oga Kunle, sai ta tuna a wajenta yana buɗewa, me za ta ce masa? Ya gyara sabis ɗin Kazaure?

Tana cikin danfo, motar hayar Legas, da safe, an tsaya a cunkoson Oshodi, Shafi'i ya kira ya ce Gwaggo ta cika. Kafin azahar an kai Gwaggo. Ko da jirgin sama ne Mastura ba za ta riski jana'izar ba. A Agege aka yi zaman makoki, gidan ya cika har bakin layin dogo, kuma kusan duk fuskar da ta shigo tana cikin kwamfutar da ke ajiye a ƙarƙashin gado.

Da aka share makoki ta koma aji, don an ce yawan fashi na jawo sallama. Darasin ranar shi ne yadda ake ɗora shafi a intanet. Oga Kunle ya rubuta kalma ɗaya a allo: localhost. Ya ce duk adireshin da ya fara da ita, ma'anarsa kwamfutar da ke gabanka kawai. Shafin bai fita ko'ina ba, yana ɗakinka.

"Kowace shekara sai an sami wanda ya tura wa mamarsa shi," ya ce yana murmushi. "Abeg, don Allah, wa ya yi bana? Kar a ji kunya, ni ma na yi."

Hannaye suka tashi nan da can, ajin ya ɗauki dariya. Mastura ta dubi saman shafinta. Kalmar na nan a farkon adireshin da ta tura.

Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta bi matakan da ya nuna ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Aikin bai kai daɗewar dafa shayi ba. Aka ba ta sabon adireshi, ta tura wa Shafi'i ba tare da ta rubuta komai ba.

Kafin a tashi daga ajin saƙon muryarsa ya shigo. Ta fita baranda ta kara wayar a kunne. Ta fara jin kukan kaji, sannan muryar limamin can ƙasa ƙasa yana cewa Mama, Allah ya ƙara lafiya.

"Ya buɗe, ƙanwata," in ji Shafi'i. "Ko tudu ban hau ba. Ina tsakar gida ne, a ƙofar ɗakinta."

Mastura na cikin shirin har yanzu. Ta koma layin gaba, tana tambaya har a gaji da ita. Ta gina wasu shafukan da suka fi wancan kyau nesa ba kusa ba. Na Gwaggo kuwa yana nan yadda yake, mutanen unguwa na tura wa juna. Limamin ya roƙe ta ta ƙara marigayiya a gaban sunan, ta sa addu'a a ƙasa. Ta ce to. Takan buɗe fayil ɗin a danfo, ta kai yatsa wurin, ta daɗe tana kallon hoton da ya daidaita, sannan ta rufe.