Ƙwayar da Na Ɓoye wa Likita

Shekarun baya, ina cikin ganiyar harkar busasshen kifi, na ɗauko mahaifiyata daga Wara zuwa Yelwa za a cire mata ƙari a ciki. Inna tana da hawan jini. Kullum da safe takan haɗiyi wata farar ƙwaya da mai kemis ɗin unguwarsu ke ba ta.

Ana gobe aiki, likitan da zai yi mata allurar barci ya zo da takarda a hannu. "Mama, kina shan wani magani?"

Kafin ta buɗe baki na ce, "Babu, likita."

Halin kasuwa ne ya bi ni har asibiti. Mu ba ma faɗin aibin kaya sai mai saye ya gano da kansa. Na ɗauka in suka ji hawan jini za su ɗage aikin, ga ciwo yana cin ta. Inna ta dube ni ta yi shiru, don ba ta ƙaryata ɗanta gaban baƙo.

Da safe aka shiga da ita. Ban yi rabin awa a kan benci ba sai ga nas ta fito da sauri.

"Ina ɗan tsohuwar nan? Jininta ya faɗi, mun yi allura ya ƙi tashi. Tsakaninka da Allah, me take sha?"

Na faɗa mata gaskiya. Ta ce sunan maganin fa? Ban sani ba. Na zazzage jakar Inna a ƙasa, na sami ƙwayoyin ƙulle a leda, ba kwali, ba rubutu. Na kira mai kemis sau huɗu bai ɗauka ba. A na biyar ya ɗauka. Nas ta fizge wayar, ta ji sunan maganin, ta koma ciki da wayar a hannunta.

Na tsaya ina kallon ƙofar. Ko addu'a na kasa haɗawa, sai tunanin a turo ta a lulluɓe.

Sai wajen azahar likita ya fito ya ce jinin ya daidaita, an gama lafiya. Bai ɗaga mini murya ba. Ya ce akwai maganin da ake sha har ranar aiki, akwai wanda ake dakatarwa. "Amma sai an faɗa mana, Alhaji."

Da Inna ta farfaɗo ta kira ni kusa. "Kai, ƙwaya biyu na sha da asuba. Tsoro nike ji, na ce kada jinin ya hau musu."

Tun daga nan, duk asibitin da za mu, sai in juye magungunanta gaban likita da kwalayensu, in ja bakina in yi shiru ta yi bayani da kanta. Ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Amma har yau in na ga nas ta fito daga wata ƙofa da sauri, ko ba ni da kowa a ciki, sai na miƙe tsaye.