Baƙon da Na Kai Gidanmu

Shekarun baya, ana dab da zaɓe, abokina da ke aiki a ofishin kamfen na wani ɗan takara ya same ni a makarantar da nake koyarwa. Ya ce, "Malam, mun yi baƙo daga ƙasar waje, ra'ayin jama'a yake nazari. Kai ka san gari, zaga da shi mana."

Ni kuwa a yaba min sanin gari, ai an gama da ni. Na ɗauki bawan Allah a Keke Napep, daga unguwar Ɗan Iya har Gwallameji. Tambaya ɗaya zai yi in ba shi amsa goma. Wane malami ake jin maganarsa, wace unguwa ke fushi da wa, wane dattijo ne in ya juya jama'a za su bi shi, duk na zazzage masa, wayarsa tana ajiye a cinyarsa. Kuma a wajenmu baƙo ba ya tafiya bai gaida manya ba, sai na kai shi gida. Mahaifiyata ta dama masa fura, ta yi ta sa masa albarka, har da cewa Allah ya ba shi nasarar abin da ya zo nema.

Bayan zaɓe, ina cikin aji, wasu mutum biyu suka yi sallama. Jami'an tsaro ne. Wallahi alli sai da ya faɗi daga hannuna.

A ofishinsu babban ya ce baƙon nan ɗan leƙen asiri ake zarginsa, kuma suna binciken alaƙarsa da kamfen ɗin. Ya kunna wata na'ura. Sai ga muryata, raɗau, ina surutu kamar an biya ni. Amma ban san tsoro ba sai da na ji muryar mahaifiyata tana addu'a.

Ya tsayar. "Wannan Hajiyar wace ce? Wace nasara take roƙa masa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, uwata ce. Ko mai gyaran famfo ya shigo haka take masa."

"Ƙila mu buƙaci ganinta."

Tsohuwa mai hawan jini, wadda ko kakin soja ta hango a barikin Shadawanka sai ta canza hanya! Na durƙusa, ni da ko a gaban hedimasta ban taɓa yi ba. Na ce, "Don girman Allah ku tsare ni, ku bar ta."

Sun yi ta kirana suna sallamata, daga baya suka gane wauta ce kawai ke damuna. Ba su je mata ba. Abokina ma an wanke shi, sai dai gaisuwa ce kaɗai ta rage tsakaninmu.

Yanzu baƙo ya tambaye ni hanyar kasuwa ma sai na dube shi sau biyu, kuma abin yana min ciwo, don ba haka aka raine ni ba. Mahaifiyata kuwa har yau ba ta sani ba. Wani lokacin sai ta ce, "Ina yaron nan mai ladabi? Allah ya sa ya samu abin da ya zo nema."

Amin ɗin bai taɓa fita daga bakina ba.